Sabon Saurayin Hajiya Mamunatu

"...da gajiya kuma, amarya?"

"Babu gajiya sai ta ganinka. Cire takalmin nan, kada ka kwaso mini ƙasar Kejetia har cikin ɗaki."

Hantsi ne a unguwar Akwatialine, cikin Kumasi. Hajiya Mamunatu tana zaune a bakin ƙofarta, kwalaben shito jere a gabanta tana goge su da tsumma. Ta daɗe tana sayar da wannan baƙin yaji nata mai kifi a kasuwar Kejetia, har gwiwa ta hana ta hawa mota. Daga nan ne jikanta Abdul-Samed, ɗan 'yarta, ya mayar mata da cinikin cikin waya. Shi ke ɗaukar hoton kwalabe ya sa a WhatsApp, masu saye su turo mata saƙon murya, shi kuma ya kai musu a babur. Tun yana goye take kiransa mijinta, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi faɗa ba. Yau tabarau ɗinta ya kawo, wanda ta ba shi ya kai gyara tun kafin Sallah.

Ta miƙa hannu. "Ina yake?"

"Ko ruwa ba za ki ba ni ba? Mijinki ya dawo daga tafiya."

"Wace tafiya? Kejetia na aike ka, ka tafi kamar mai zuwa Makka a ƙafa. Mai gyaran ne ya mutu, aka jira ɗansa ya girma ya gaji shagon?"

"Ni na ce ya riƙe shi. Tun da kika daina gani sosai kike cewa na yi kyau."

"Ban taɓa faɗa ba. Wannan kan naka, ko makaho ya shafa ya san an yi asara. Ba ni, sauri nake. Kuma ka sani, na sake ka."

"Yau ma? Satin da ya wuce kin sake ni saboda na cinye miki ƙosai."

"Wannan na gaske ne. Na yi sabon saurayi."

Abdul-Samed ya ja kujera ya zauna yana dariya. "Allah sarki, bawan Allah. Haƙoransa nawa? Ko shi ma na cirewa ne da dare irin naki?"

"Haƙorana na uwata ne da ubana, ɗan banza. Sunansa Alhaji Sulemana. Kullum da safe sai ya kira ya gaishe ni, murya kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Hajiyata, yaya gwiwa? Kai ka taɓa tambayar gwiwata?"

"Ni da nake ɗauko miki man shafawa?"

"Kana ɗaukowa kana mita. Shi kuwa babba ne a kamfanin talla. Ya ce shitona bai kamata ya tsaya a Zango ba. Zai sa hotonsa a kowace waya, daga nan har Tamale, har Lome. Kai fa? Tallanka bai taɓa tsallake Aboabo ba."

"Matan da ke saye daga Landan fa, a Aboabo suke?"

"Waɗannan hancinsu ya kawo su, ba kai ba."

"Yoo, na ji. Me ya nema a wurinki, shi Alhajin?"

"Ba ya son komai. Mutum ne mai wadatar zuci, ba irinka ba. Wata lamba ce kawai za ta shigo wayata, guda shida, in karanta masa ya buɗe mini hanya. Jiya ta shigo. Na kai wayar kusa, na kai ta nesa, na fita rana, sai tururuwa nake gani suna tafiya. Kafin in sami mai karanta mini, ya ce ta lalace, zai sake turowa yau da hantsi. Ka ga abin da lalacinka ya ja mini?"

Abdul-Samed ya riga ya zaro tabarau ɗin rabi daga aljihu. Ya mayar da shi.

"Kaka, ba ni wayar."

Ba ya kiranta Kaka sai magana ta yi nauyi. Ta dube shi, ta ciro wayar daga gefen zani ta ba shi. Ya buɗe saƙon ya karanta, ya sauke numfashi.

"Kin san me ke rubuce a ƙarƙashin tururuwan naki? An ce kada ki ba kowa wannan lamba. Mabuɗin WhatsApp ɗinki ne. Da kin karanta masa, da yanzu shagonki yana cikin wayarsa, ke kina waje."

"Kishi ne ke damunka."

"Kishi paa. Kin tuna Sherifa mai mayafi, ta bayan masallaci? Haka aka yi mata. Aka shiga da sunanta da hotonta, aka bi duk masu sayenta ɗaya bayan ɗaya, wai sabon kaya ya sauka, a turo kuɗi ta momo, asusun waya. Mata suka tura, don sun san Sherifa ba ta cuta. Washegari suka cika ƙofar gidanta. Har yau akwai masu canza hanya in sun hango ta."

Hajiya ta ajiye tsummar. "Sherifa ta ce mini wayarta ce ta ɓata."

"Kunya ce ta sa ta faɗi haka."

"Alhaji Sulemana ba ɗan sakawa ba ne, masu damfarar nan ta waya. Yana sallama cikakkiya, har da wa barakatuhu."

"Ɓarawon da ya ɗauke mini takalmi a masallaci ma a sahun gaba ya yi sallah."

"Wannan taimakonka ya yi, takalmin nan wari yake."

Ta faɗa ne, amma ba ta yi dariya ba. A wayar nan akwai matan da suka yi mata maganar bikin 'ya'yansu tun dangi ba su ji ba. Akwai wadda take turo mata kwatancen gidanta a Accra, har da lokacin da mijinta ba ya nan don a kai kaya. Akwai 'yan ƙasar waje masu aiko wa iyayensu tsofaffi shito ta hannunta, ta san gidan kowa da lambar kowa.

Wayar ta yi ƙara a hannun Abdul-Samed. Ya nuna mata fuskar wayar. "Ga angon naki."

"Ba ni."

"Kaka..."

"Na ce ba ni. Kuma buɗe murya, ka ji yadda maza ke magana."

Ya danna ya miƙa mata. Murya mai laushi ta cika ƙofar ɗakin da sallama, ta tambayi gwiwa, ta tambayi ciniki, sannan ta ce lamba ta shigo yanzu, a daure a karanta da sauri kafin ta lalace.

"Za a karanta, Alhaji," in ji Hajiya. "Amma kullum kai ke gaishe ni, ni ban san inda zan je in gaishe ka ba. A wane gida kake a Kumasi? Wace ce mahaifiyarka?"

Muryar ta yi dariya, ta ce ai ofis ɗinsu a Accra yake, lamba dai tukuna.

"Accra ma akwai uwaye. Unguwar Nima kake, ko Madina? Faɗi gidanku, ina da mai saye a kowane lungu, yau ɗin nan zan aika a gaishe ta. Ko kuwa ka zo da kanka. Ga mijina nan zaune, ya ce yana son ganin wanda zai gaje shi."

Abdul-Samed ya matso da baki. "Salamu alaikum, Alhaji. Ina da tambaya kan..."

Layin ya katse.

"Ka gani?" in ji Hajiya. "Muryarka kawai ya ji ya gudu. Haka kake korar 'yan mata."

"Ki dai gode mini. Da na kawo tabarau ɗin nan a kan lokaci, da yanzu kina cikin ɗaki kin kulle ƙofa. Lalacina ne ya ceci shagon nan. Ya kamata a rubuta a jikin kwalba."

"Za a rubuta a jikin kabarinka." Ta juya wayar a hannunta. "Tsaya. Ranar da ya fara kira, ya san sunana har da na mahaifina. Ya san ƙofata shuɗiya ce. Ya ce mini ya ji Safiatu ta Tafo ta sayi kwali guda don bikin ƙanwarta. Shi ya sa na yarda da shi. Wa ya gaya masa?"

Abdul-Samed ya sosa ƙeya.

"Ba ni tabarau ɗina."

Ya ba ta. Ta saka, ta sa shi ya buɗe hoton tallan da ya sa makon jiya. Ga kwalaye an jera a ƙofar gidan, lambar gida a sama, kuma a jikin kowane kwali ga sunan mai shi da unguwa da lambar waya, an rubuta da babban alƙalami, ana karantawa sarai.

"La ilaha illallahu. Abdul-Samed, shito na ce ka tallata ko mutane?"

"So nake a ga ana saye da yawa. Haka ake talla yanzu."

"Haka ake talla a gidan mahaukata. Duk zamana a Kejetia, ko kishiyar sana'a ta zauna kusa da ni ba ta san wa ya sayi me ba. Kai ka kwashe mini mata ka shanya a titi. Ashe ɓarawon ma kai ka yi masa shimfiɗa."

"Shimfiɗa na yi, ke kika kawo masa ruwan wanka."

"Goge shi. Yanzu, ina kallo."

Ya goge. Ta sa ya duba sauran hotunan, aka sami wasu biyu irinsa, su ma ya goge. Ta ce daga yau kwali sai an juya bayansa kafin a ɗauka, kuma ba a ƙofar gida ba. Sannan ta danna wayar da kanta ta yi saƙon murya zuwa ga masu sayenta: duk wanda ya kira su da sunanta yana neman lamba ko wani abu, su kashe waya su kira ta su ji muryarta. Ta ƙara da cewa laifin mijinta ne, tana neman wanda zai karɓe shi kyauta.

"Wannan na ƙarshen ba za ki cire ba?"

"Ya riga ya tafi."

"To saura abu ɗaya. Za mu ƙara wa shagon kwaɗo na biyu. Ki zaɓi lamba shida taki ta kanki. Ko wani ya sace waccan, sai ya san wannan kafin ya shiga. Kada ki sa shekarar haihuwarki."

"Ni na san ta ne?"

"Ba wanda ya sani, lokacin ba a fara ƙirga ba. Kada kuma ki sa ɗaya, biyu, uku. Faɗi in saka miki."

"In faɗa wa wa?"

"Ni mana."

"Ba yanzu ka gama cewa kada in ba kowa ba?"

"Ni ba kowa ba ne."

"Na daɗe da sanin kai ba kowa ba ne. Juya ka kalli bango."

"Kaka, ni na buɗe miki shagon nan fa."

"Magini ma shi ya gina ɗakin nan, ba ya kwana a ciki. Bango."

Ya juya ya fuskanci bango. Yana jin ta tana dannawa da yatsa ɗaya a hankali, tana numfashi kamar mai zare ƙaya. Wayar ta nemi a maimaita, ta maimaita, ta karɓa.

"In kika manta fa?" ya tambaya, fuskarsa a bango. "Rannan a gabana kika yi ta neman ɗankwali yana kanki."

"Ni zan manta lamba shida? Ni da nake riƙe da sunan duk yarinyar da ta ƙi ka, da na uwarta, da ranar da ta ƙi ka? Sun fi shida nesa. In fara? Rafi'atu ta gidan mai burodi, ranar suna..."

"Tsaya, tsaya!" Dariya ta kama shi har ya dafa bangon. "Na sallama, wallahi na sallama. Kin ci."

"Juyo to." Ta jawo kwanon wake da shinkafa daga ƙarƙashin kujera, ta buɗe, ta tsamo ƙwai da tsokar nama ta ɗora a sama ta tura masa. "Ci. Na mayar da kai, amma don babu wani ne."