Ranar Da Teku Ta Cinye Mana Waina

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na kai iyalina tsibiri ba. Lokacin muna zaune a unguwar Al Nahda a ƙasar Larabawa, a hawa na shida na wani bene, hutun ƙarshen mako kuma Alhamis da Juma'a ne. Yarana biyu, Hauwa da Nura, ba su san wani filin wasa ba sai baranda da wurin ajiye motoci. Shekara guda ina yi musu alkawarin shiga jirgin ruwa, ina haɗa musu da labarin yadda babansu ya tashi a bakin kogi yana ƙetare shi da iyo (da rani nake ƙetarewa, lokacin da ruwan bai kai ƙugu ba, amma wannan ɓangaren ban taɓa faɗa ba). A idonsu, babu wanda ya san ruwa kamar ni.

Matata ta tashi tun asuba ta toya waina da shinkafar tuwon da aka aiko mata daga Kano, ta yi miyar taushe, ta cika kula biyu. Muka bi hanyar duwatsu zuwa gaɓar gabas, muka hau ƙaramin jirgi mai inji. Tsibirin dutse ne a tsakiya, sai farin yashi shimfiɗe a gindinsa.

Mai jirgin, wani dattijo Balarabe, ya nuna saman dutsen. Ya ce mu kai kayanmu can, ruwa na zuwa da la'asar.

Na ɗaga kai na dubi sama. Babu ko ɗigon gajimare. A garinmu kogi ba ya cika sai an yi ruwan sama, kuma yakan ba mutum kwanaki ya shirya. Na yi wa dattijon murmushin da ake yi wa wanda ba a son kunyatawa, na ce, "Insha Allahu."

"Khalas," ya ce, wato shi ke nan, ya tayar da injinsa.

"Baban Nura, mu dai bi maganar mutumin nan," in ji matata. "Garinsu ne."

"Garinsu ne, amma ruwa ai ruwa ne. Wa zai hau dutse da kula cikin wannan ranar?"

Na zaɓi wuri mai laushi kusa da bakin ruwa, na shimfiɗa tabarma, na jera kuloli da takalmanmu. Yashin da ɗan danshi, sai na yi wa yara bayani cewa alamar wuri mai sanyi ke nan. (Wasu iyalai 'yan Indiya da suka riga mu zuwa duk sun tare a kan dutsen. Har tausayinsu na ji, na ɗauka tsoron ruwa ne.)

Matata ta ce a ci abinci tukuna. Na ce a'a, waina ta fi daɗi bayan an sha yawo. Muka zagaya bayan tsibirin, yara suna tsintar katantanwa suna bin ƙaguwa. Muka yi sallah a can, muka ƙara zama.

Da muka zagayo, Hauwa ce a gaba. Ta tsaya cak.

"Baba, waccan ba kularmu ba ce?"

Ita ce. Inda na shimfiɗa tabarma babu yashi, sai ruwa. Kulolin suna lilo a kai, takalmina ɗaya yana bin su a baya.

Na afka cikin ruwan da kaftanina. Na cafko kular waina, na ɗaga ta sama, sai igiyar ruwa ta kwashe ƙafafuna. Murfi ya buɗe. Na ɗago kai ina tari, waina ta kewaye ni, ƙananan kifaye har sun fara hidima.

"Baba, yi irin iyon kogi!" in ji Nura, da dukkan zuciyarsa.

Ni kuwa ihu nake yi. Wani Ba'indiye ya sauko daga dutsen, ya kama wuyan rigata ya miƙar da ni tsaye. Sai a lokacin na ga ruwan iya cinya ne.

Matarsa ta zuba wa yarana shinkafa da wata miya mai yaji. Shi kuma ya bayyana mini, cikin ladabin da ya fi zagi zafi, cewa teku na cika ta janye sau biyu kowace rana, ko da ruwan sama ko babu.

Na koma jirgi da takalmi ɗaya. Da muka shiga mota, matata ta juyo ta dube ni.

"Sannu da ƙoƙari, sarkin ruwa. Kifaye sun ce a gaishe ka, sai dai gishirin ya yi yawa."

Har yau in na fara ba yara labarin ƙuruciyata, Hauwa takan juya ta dubi mamanta tukuna, ta ga ko za ta gyaɗa kai. Ni kuma na koyi abu guda: idan ɗan gari ya nuna maka inda za ka ajiye kaya, ka ajiye. Ilimin da ka zo da shi daga gida, ka riƙe shi sai an ci abinci.