Sanarwar Rasuwar Bernice, Motar da Ɗana Ya Kashe da Ƙauna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da fasto ya ce in daina ajiyewa a ciki, ni Wendell Kruse, tsohon direban tirela, mai shekara tamanin da ɗaya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Bernice, motata ta tafi-da-gidanka. Ta cika ranar Talata da hantsi a bayan gidan ɗana Curtis, nan Nebraska, tana da shekara ashirin da shida. Ta rasu a gaban shaidu huɗu, kuma uku daga cikinsu ba su yi asarar komai ba.

Marigayiya matata Lorraine ce ta raɗa mata suna, wai don tana da faɗin ƙugu da taurin kai irin na gwaggonta mai wannan suna. Mun zaga jiha talatin da ɗaya a cikinta. Tana da gado, da murhu mai kai biyu, da banɗakin da sai ka shiga da baya, da wani tebur da ke komawa gado idan ka san inda za ka harbe shi. Idan aka murɗa makulli sai ta yi tari uku, ƙuh, ƙuh, ƙuh, ta yi shiru kamar mai shawara, sannan ta ɗauka da ruri har kofuna su yi rawa a kan kantar kicin. Ba ta taɓa barin mu a hanya ba, ko a ranar da ƙanƙara ta rufe titin Wyoming aka jera sababbin motoci a gefe suna jiran janwe.

Bayan rasuwar Lorraine, Curtis da matarsa Kendra suka ce bai kamata in zauna ni kaɗai ba, in dawo wurinsu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Gidansu ɗaki biyar ne: nasu, da na 'yarsu da ke jami'a, da na injin motsa jiki, da na kare, da na baƙi, wanda tun da aka gina gidan baƙo bai kwana a ciki ba. Da aka auna aka duba, sai aka ga babu wuri. Kendra ta dafa kafaɗata ta ce, "Baba, ai mun san ka da son 'yanci. A Bernice za ka fi sakewa, ga ka kusa da mu." Aka ja igiyar wuta mai ruwan lemo daga gareji zuwa tagata. Shekara huɗu ke nan, kuma duk zumuncin da ke tsakaninmu ta wannan igiya yake bi.

Ban yi ƙorafi ba. Ina da ƙofata, ina dafa wakena, ina hango jikata idan ta zo hutu. Bernice ta riƙe ni da mutunci, ta san ƙafata ta hagu ba ta da ƙarfi, duk inda na miƙa hannu akwai abin kamawa.

Dokar garinmu ba ta da wuyar ganewa. Motar da ke iya tashi ta motsa da kanta mota ce, ajiye ta a filinka ba ruwan kowa. Wadda ba ta tashi kuwa bola ce, sai a kwashe. Don haka kowace Lahadi bayan coci nakan tayar da ita, in bar injin ya yi ɗumi minti ashirin, in yi gaba taku goma, in dawo taku goma. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari don neman abinci ya san zama shi ke kashe inji.

Rashin lafiyarta ya fara ne wata Lahadi da na dawo baya na taka tukunyar furen Kendra. Tukunya ɗaya, ta roba. Shekara arba'in da huɗu ina jan tirela ban taɓa ko kare ba. Washegari aka kira ni taron iyali a falo, aka ba ni kujera mai laushi da shayi, nan na san akwai magana. Ashe sun samo wata takarda a wurin likita mai koyar da yadda ake karɓe makullin mota daga hannun tsoho cikin ƙauna, sun ma yi bita a tsakaninsu. Curtis ya riƙe hannuna yana leƙen takardar a gefen cinyarsa.

"Baba, ba wai ba mu yarda da kai ba ne. Muna jin tsoro ne, saboda muna ƙaunarka."

Na ce, "Ina zan je, Curtis? Taku goma ne. Daga nan zuwa kwandon shara."

Kendra ta ce, "Mun ji yadda kake ji, Baba, kuma jin naka yana da muhimmanci." Wannan ma a takardar yake, na hango shi a layi na uku.

Na miƙa makullin, domin a filinsu nake, wutarsu nake sha. Abu ɗaya na roƙa. Na ce, "To ka riƙa tayar da ita duk Lahadi. Minti ashirin kawai."

"Haba Baba, sai ka ce wani aiki. Ka bar shi a hannuna."

Wata goma sha huɗu ya yi a hannunsa. Mutumin da ke tashi da asuba ya yi gudun mil biyar a kan injin da ba ya zuwa ko'ina, bai sami minti ashirin ba. Na tuna masa sau bakwai, a na takwas na ji Kendra tana gaya wa wata a waya cewa na fara maimaita magana, alamar tsufa ce. Daga nan na kama bakina. Ina kwance ina jin ɓeraye suna hidima a ƙarƙashin kaina, na san abin da suke ci, kuma ba ni da ikon korarsu da rurin inji.

Madam Tibbets, maƙwabciyarmu, shugabar kwamitin unguwa, ita ta rubuta wa hukuma cewa Bernice na ɓata mata kallo daga tagar kicin. Allah ya saka mata daidai aikinta. Ranar Talata jami'in duba-gari ya zo da allonsa, saurayi mai ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta tashi ta yi gaba kaɗan ta dawo, in sa hannu in tafi, ba na son dogon zance." Curtis ya shiga neman makulli. Minti ashirin daidai ya ɗauka, na duba agogo, aka same shi a aljihun tebur cikin matattun batura. Ya hau kujerata bai ko gyara ta ba, ya murɗa. Bernice ta ce tak. Ya sake murɗawa, ta sake cewa tak, a hankali. A na uku ba ta ce komai ba. Madam Tibbets na tsaye a bakin shinge da kofin kofi a hannu.

Bakanike ya tabbatar da abin da na sani: ɓeraye sun cinye wayoyi, mai ya ruɓe a tanki, inji ya kafe. Curtis ya girgiza kai ya ce, "Ta tsufa, Baba, ba ta cancanci wahalar gyara ba." Yana faɗa yana kallon ƙasa, amma na san fuskar ɗana tun ranar da aka haife shi, kuma abin da na gani a kanta sauƙi ne. Da yamma takardun gidan tsofaffi suka fito, a cike, saura sa hannu kawai, kwanan watan da ke kansu na watan jiya ne. Ina jin tsoron gidan nan, na faɗa ƙarara. Na kai abokai biyu can, na san warinsa.

Marigayiya Bernice ta bar ni, mijin uwar ɗakinta Lorraine. Ta bar ɓeraye kimanin goma sha biyu, waɗanda aƙalla sun riƙa ziyartarta kullum. Ta bar igiyar wuta, da Curtis ya riga ya naɗe ya rataye a gareji, da tumatir ɗaya a gwangwani gaban gilashi, wanda gidan tsofaffi suka ce ba sa karɓa. Ta kuma bar Curtis da Kendra, masu karɓar gaisuwa ta waya, an ce suna jurewa sosai.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis. Janwe zai zo ƙarfe goma ya kai ta wurin 'yan gwangwan da ke bayan titin jirgi. Na roƙa a ɗauke ni zuwa gidan tsofaffi ƙarfe tara don kada in gani, amma Curtis yana da taro a ofis, don haka tawa tafiyar sai sha ɗaya. Mai son rakiya ya tsaya a bakin titi, kada ya taka filin Madam Tibbets. Ba a buƙatar furanni. Mai son yi mini ta'aziyya zai same ni a ɗaki na goma sha huɗu, Lahadi daga biyu zuwa huɗu, sai an rubuta suna a ƙofa.

Za a rufe makoki ranar Asabar da gyaran wurin da ta tsaya, inda ƙasa ta yi fari tsawon taku talatin. Jiya Curtis ya leƙo ya ce, "Baba, kai da ka tashi a gona, wane irin ciyawa ne ya fi saurin kamawa?" Na gaya masa na gaskiya, da yadda zai shayar da shi, domin ɗana ne. In ya bi maganata, nan da wata guda ba wanda zai gane an taɓa zama a wurin.