Tsagar da Yalwa Ta Zauna a Kai

"...lau muka kwana, sai dai fitinar wannan mijin nawa," in ji aminiyata Hajiya Yalwa, Allah ya jiƙanta, tana nuna mini jikanta Bandar da baki.

A ƙofar wani tsohon gida muka haɗu, jikin nawa a unguwar Hindawiyya ta Makka. Tun da 'ya'yanta suka ɗauke ta daga unguwarmu suka mayar da ita wani dogon bene a unguwar Shisha take ramewa. Da ta ji an sa gidan nan a kasuwa, ta ce ko shi ko kabari. Bandar ya ce zai saya mata, amma sai muhandis, wato injiniya mai duba gini, ya bincika. In an sami babban aibi, an fasa.

Tun kafin Bandar da muhandis su shigo ta ja ni ciki. "Shatu, Allah bai ba ki faɗi a banza ba. Jingina da bangon can, yana tsattsafo." Ita kuma ta shimfiɗa sallaya a tsakar falo, a kan wata doguwar tsaga, ta zauna ta kama carbi.

Muhandis yana ta ƙwanƙwasa tayil da sandarsa har ya iso gabanta.

"Amarya, matsa a duba," in ji Bandar.

"Ba ka ga ina lazimi ba? Miji ba kuɗi, ba ladabi."

"Ke da ko sallar asuba sai na tashe ki?"

"Ƙarya! Ranar da na fara ɗawafi ubanka ma ba ya iya ɗaura wando."

"To ya aka yi sallayarki ke kallon Jidda? Ga hasumiyar agogo can ta taga. A cikin Makka alƙibla ta ɓace miki?"

"Jidda nake kallo ko jirgi zai sauko mini da miji na kirki. Kai Hausarka ma duk ta tsattsage, wa ya kira maka muhandis?"

"Wallahi da an duba ki kafin in aure ki, da ban biya sadaki ba. Haƙora babu, gwiwa sai ƙara, sama duk ya yi fari."

"Duk da haka na fi motarka tashi da safe."

Sai Bandar ya tsuguna ya taɓa gefen sallayar. Sharkaf.

"Wannan fa?"

"Ruwan alwalata ne."

"Da tanka guda kika yi alwalar?"

Dariya ta kufce mini, na gusa daga bango. Ga bayan abayata fari fat da ɓawon fenti. Muhandis ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ya ce tankin ruwan da ke ƙarƙashin falon ne ya fashe, shi ke jiƙa ƙasa da bango. Ginshiƙai lafiya lau, amma gyaran ba ƙarami ba ne.

"Halas, shi ke nan, an fasa," in ji Bandar. "Tashi mu koma Shisha. Ga lifta, ga sanyi."

Ba ta tashi ba. Ta ajiye carbin.

"Lifta ce za ta tambaye ni yaya na kwana? Can in na faɗi a banɗaki, sai kun taso daga aiki. Nan ko tari na yi, Shatu za ta ji ta bango."

Bandar ya miƙe. Ya dubi muhandis, ya dube ni da farin bayana, sai ya fashe da dariya yana goge ido.

"Ban taɓa ganin mai saye yana ɓoye aibin gida ba! Mai gidan ma bai kai ki ha'inci ba. Na saya, in ya rage kuɗin. Amma gyaran tankin shi ne kayan sallarki har abada."

"Da can me kake ba ni, marowaci? Ka biya ni sallayata."

Da yamma ya aiko da sabuwa, mai kauri, da saƙon wai ta tambayi yara ina gabas take.

An gyara tankin, an toshe tsagar, ta dawo ta yi ƙiba. Kullum da safe sai ta buga mini bango ta ce in zo shayi. Ranar da tarin ya zo, na ji shi ta bangon nan, kuma a cinyata ta cika.

Bayan zaman makoki Bandar ya kawo mini sallayar. Ya ce, "Hala Shatu," wato Inna Shatu, "matata ta gudu ta bar ni da gida." Muka yi dariya har muka kasa dainawa, sannan muka yi kuka.