Faya-fayan Darakta Arba'in da Uku

Ka taɓa ganin mutum mai bokiti uku da muƙami huɗu? In ba ka taɓa ba, zo in nuna maka Darakta.

Wurin wankin motarsa taku goma sha huɗu ne, da ƙafata na auna. Tiyo ɗaya, soso shida, biyu a ciki sun isa ritaya. Amma allon ƙofa ya fi rumfar faɗi: Babban Darakta, Shugaba, Manaja, Mai Kamfani, duk shi kaɗai. Uwargida ce Sashen Hulɗa da Jama'a, don ita ke ɗaga waya in yana barci. Tsohonsa, da ke wuni a benci yana korar ƙuda, shi ne Majalisar Dattawa. Kai, tsari ya yi tsari!

Sai dai alfaharin Darakta ba kumfa ba ne. Faya-fayan waƙa ne, arba'in da uku, jere a kan wata kanta bayan kujerarsa, kowanne da tarihinsa. "Wannan ya koya mini haƙuri. Wancan sau ɗari na saurare shi kafin in sayi tiyo." Abin mamaki, ba ya da abin kunna faifai ko ɗaya. Wani abin mamakin, kantar ba ta ƙaruwa sai ranar da aka share cikin mota. Amma mu bar zancen, hassada ga mai rabo taki ce.

Ranar Talata manajar wani kamfanin sufuri ta zo duba wuri. Bas goma sha biyu take son a riƙa wanke mata duk mako. Tun kafin ta iso Darakta ya yi wa uwargida albishir da tiyo na biyu. Ya sa kwat cikin zafin rana, ya gyara murya.

"Hajiya, sana'ar nan amana ce. Ko allura kika yar a mota, nan za ki tarar da ita. Mutum kuwa da abin da yake saurare ake gane shi." Ya zaro wani faifai mai koren murfi, ya rungume. "Wannan Baba ya danƙa mini ranar da na buɗe wurin nan, yana hawaye."

"Ni?" in ji tsoho daga benci. "Yaushe?"

"Majalisa ta tsufa, Hajiya, a yi mata uzuri."

Hajiya ta karɓa ta buɗe. A cikin murfin akwai rubutu da shuɗin biro, ta karanta da ƙarfi: "Ga uwar 'ya'yana, don hanyar ofis ta yi miki sauƙi."

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe rubutun Baba ɗaya ne da na maigidana. A bara na kawo ƙaramar motata nan wanki. Wata guda na yi ina zargin ƙanena da ɗauke faifan."

Ta jefa shi a jaka. Ta bi kantar da yatsa, ta zare wasu biyu. Saura arba'in cif.

Yanzu duk Talata bas goma sha biyun nan ta gaban Darakta suke bi, su watsa wa allonsa taɓo, su tsaya tsallaken titi wajen wani mai bokiti biyu da babu muƙami ko ɗaya.

Don haka in za ka kai mota wanki, ƙirga abin da ke ciki, ka sake ƙirgawa in ka karɓa. Don Allah gwada ko sau ɗaya. In bai cika ba, kada ka yi fushi. Ka shiga tarihin Darakta ke nan.