Rasuwar Gwaggo, Kalkuletar Ajin Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana shi haɗa ido da kowa, malamin lissafi na ajin ƙarshe yana sanar da rasuwar kalkuletarsa, wadda ɗalibai ke kira Gwaggo. Ta rasu ranar Talata, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakarta ƙwas, ƙwas, ƙwas a ƙarƙashin yatsa. Ita ta san inda dutse zai sauka idan an jefa shi, da minti nawa shayi zai yi kafin ya huce, da sa'ar da tanki mai yoyo zai ƙafe. Ko ɗalibi ya danna shirme sau goma, ba ta yi masa gori. Lambar bakwai ɗinta ta goge tuntuni, amma kowa ya san gurbinta.

An yaɗa cewa shugabar aji ce ta kashe ta da sakaci, tunda ita ke ɗauko ta daga durowa kullum, ita kuma ta tsinci gawar. An tsayar da yarinyar gaban allo, an karɓe mabuɗin daga hannunta, tana kuka tana rantsuwa. Malam yana wurin. Ya sunkuyar da kai yana ta goge allon da babu komai a kansa.

To, ga gaskiyar ciwon ajalin. Ranar Talata da aka fita hutun tara, malam ya so ya gwada darasin lilo kafin ya koyar, sai ya nemi ƙwallon ƙarfen da ake ɗaurawa ya rasa. Ya ɗaga Gwaggo ya ji nauyinta daidai. Ya ɗaura mata zare, ya rataye ta a ƙugiyar fanka, ya ja ta gefe ya saki. Shekara ashirin yana karanta wa yara tambayoyin da ke cewa a ɗauka igiya ba ta miƙewa, ba ta da nauyi, har ya manta cewa zaren ɗinki bai taɓa zama a ajinsa ba. Lilo uku ta yi, cif yadda lissafi ya faɗa. A na huɗu zaren ya tsinke. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tas, a jikin bango. Shi kuwa bawan Allah, da girmansa da furfurarsa, ya lallaɓa ya mayar da ita durowa ya kulle da nasa mabuɗin. Wallahi ya ji kunyar duniya, kuma kwana shida ke nan yana jin ta.

Ta bar murfinta, da batir ɗaya mai sauran rai, da ɗalibai goma sha huɗu da jarrabawa ke jira, da shugabar aji wadda tun ranar ba ta sake ɗaga hannu ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin bayan tara, a durowar ƙasa ta teburin malam. Ba a buƙatar kowa ya yi masa ta'aziyya. Shugabar aji ce za ta zauna a kujerarsa, da mabuɗinta a hannu. Malam zai tsaya gaban allo, daidai inda aka tsayar da ita, ya karanta wannan sanarwa da bakinsa.