Shekarar da Sarki Ya Tafi Cin Rani

Da an gama girbi, Kurmin Ƙirya sai ya zama kango. Jakuna matasa su ɗunguma Birnin Gaɓa dako, ba su dawowa sai ruwan fari, ɗauke da gishiri da atamfa da kwanon rufi. Wata shida fadar zaki, Sarki Ɗankaka, ba mai kawo gaisuwa.

Sarki ya tara majalisa. Wazirinsa, wani kura mai suna Barmo, ya miƙe ya gyara rawani.

"Allah ya ja zamanin Sarki, mu rufe hanya. Cikin kwana arba'in za mu gina kasuwar da birni zai zo kallo. Kowane jaki rumfa biyu."

Wata tsohuwar jaka, Iya Tabawa, ta matso.

"Ranka ya daɗe, wa zai saya a rumfunan? Gishirin miyar fada ma a bayan ɗana ya zo. In ka tsare shi a gida, ni da kai lami za mu sha."

Sarki ya daɗe yana kallon haƙarƙarinsa da suka fito. Can ya rage murya.

"Iya, a birnin nan akwai aikin zaki?"

"Ana neman maigadi a ɗakin ajiyar hatsi. Zama ne kawai da ɗaure fuska."

"Shekara goma sha biyu ina yinsa kyauta," in ji Sarki.

Washegari aka yi shela cewa Sarki ya fita rangadi. Waziri ya zauna a fada yana rubuta jawabai. Su Tabawa kuwa suka haɗa abin da 'ya'yansu ke aikowa, suka yashe rijiya, suka cike ramukan hanyar kasuwa, suka raba rigimar awaki da birai a kan tsamiya.

Da ruwan fari Sarki ya dawo cikin ayarin jakuna, ya yi ƙiba, da buhun gishiri a kafaɗa, suna ta raha. Waziri ya fara jawabin maraba, Sarki ya katse shi.

"Baɗi da kai za mu. Mahauta na neman mai kwashe ƙashi."

"To, ranka ya daɗe, wa zai riƙe ƙasa?"

Sarki ya dubi rijiya, ya dubi hanya.

"Bana wa ya riƙe ta?"

Iya Tabawa ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tauna harawarta.