Tayoyin Haladu Masu Shekara Goma

Wacce? Waccan a-kori-kurar da ke ƙofar gidan Haladu, wadda awaki ke kwanciya a ƙarƙashinta? A'a, Ladidi, ba lalacewa ta yi ba. Lafiyarta lau. Matso kusa kada a ji mu, kin san matarsa Dije ƙawata ce.

Shi Haladu mutum ne da babu abin da bai sani ba. Ki ce hadari ya haɗo, ya ce shi tun jiya ya gani. A tasha kuwa in direbobi suka hango shi tafe, kowa sai ya fara neman abin yi. Wai shi in ya ƙwanƙwasa taya ya kara kunne, zai faɗa miki shekarar da za ta mutu.

To, tayoyinsa suka suɗe, suka yi sumul kamar kan jariri. Ya tafi wurin Isiya mai taya. Isiya ya mirgino masa daidai na motarsa. Haladu ya dube su sama da ƙasa.

"Waɗannan na amalanke ne?"

Can sai idonsa ya faɗa kan wasu manya a lungu, jibga-jibga, zanensu kamar haƙoran kada. Daga wata ƙatuwar motar daji aka ciro su.

Isiya ya ce, "Sun fi ƙarfin motarka, Haladu. In ka yi lodi, zama za ta yi a kansu."

"Kai sayarwa ka iya, ni tuƙi na iya. Ɗaura min!"

Aka ɗaura. Ya bar wa Isiya tsofaffin, ya ce ya yi takalma da su. Mota ta ɗage sama. Ya nufi tasha yana ta hon. In ya sha kwana sai a ji wani ɗan ƙiii, ya ce sabunta ce, ai sabon takalmi ma yana kuka.

Sama'ila direba ya ce, "Wannan mota ce ko raƙumi?"

Haladu ya bugi taya, dim! "Shekara goma! In zanen nan ya goge kafin shekara goma, ku aske min rabin gemu a tsakiyar tashar nan!"

Ana haka sai aka haifa wa surukinsa Malam Nomau jika a Tudun Kanya. Ragon suna a wurin tsohon yake, sunan da za a raɗa ma a bakinsa yake, bai gaya wa kowa ba. An riga an yi magana da Sama'ila zai kai mu, mu masu zuwa sunan. Haladu ya ji, ya yi tsalle ya dire.

"Ina raye Baba ya shiga motar wani? Wallahi kafin liman ya gama gyara rawani mun isa!"

Ranar suna da sassafe ya kawo mota bakin titi, hancinta na kallon gabas. Aka loda rago, buhunan shinkafa, itace, manyan tukwane, har saman kan motar. Sai mu mata. Sai Gwaggo Hanne, wadda ita kaɗai lodi ce. Tana hawa mota ta yi wani nishi, ta zauna. Malam Nomau yana gaba, ya sha babbar riga.

Titi miƙe yake sambal, mota na ta gudu, Haladu na ta zuba. Ya yi wa tsoho bayanin roba, ya yi masa bayanin iska. Malam Nomau kuwa, kin san shi, ba ya son magana. Sai dai "To" da "Madalla".

Ga kwanar Tudun Kanya. Haladu ya murza sitiyari.

Ƙurrr!

Sitiyari ya cije. Taya ta kama jikin mota ta riƙe gam. Ya sake murzawa. Ƙurrr! Nan take gumi ya karyo masa. Shi da bakinsa ya gaya wa mijina daga baya, wai a lokacin ya tuna maganar Isiya har da yadda ya karkace hula. Amma ya tsaya ya ce wa surukinsa motar ba ta shan kwana? A gaban gwaggonnin matarsa? Ina! Sai ya miƙar da sitiyari ya taka mai.

Malam Nomau ya ce a hankali, "Kamar nan ne kwanarmu."

"Ai Baba, hanyar nan ruwa ya cinye gadarta."

"Ikon Allah. Jiya na biyo ta."

"Bayan wucewarka ne, Baba."

Tsoho ya leƙa sama. Rani ne tsababa, ko gajimare babu. Ya ce, "To."

Mu a baya muka fara dukan kan mota. Gwaggo Hanne ta buɗe murya, "Haladu! Ka wuce! Ko barci kake?"

Ya yi kamar bai ji ba. A ransa yana cewa kwana ta gaba mai faɗi ce, zai lallaɓa ta. Aka iso. Ƙurrr! Ya wuce.

"Wannan kuma fa?"

"Masu karɓar harajin rago suna tsayawa a nan, Baba. Ba na so a wulaƙanta ka."

"Allah ya yi albarka. Ƙaurin me nake ji haka?"

"Babbaka ake yi a gaba."

Ladidi, babbakar nan tare muke tafiya da ita! Hayaƙi ta ƙarƙashinmu yake fitowa. Rago sai atishawa yake.

Wayar tsoho ta yi ƙara, ɗansa ne. Wai liman ya zauna, mutane sun cika, goro har an fara raba shi, ina kuke? Malam Nomau ya ce, "Muna tafe. Tafiya kam muna ta yin ta."

Kwana ta uku Haladu ko kallonta bai yi ba. Ya ce wannan ta 'yan koyo ce.

To kin san titin nan a kasuwar Gadar Maje ya ƙare. Dama hanya, hagu hanya, gaba kuwa teburin mai shayi. Kuma ranar kasuwa ce. Duk direbobin tasharmu suna kan bencin mai shayin nan, har da Sama'ila. Haladu ya danna birki, ƙiiiit! Hancin mota ya tsaya dab da tulin burodi.

Sama'ila ya ajiye kofi. "A'a, sarkin taya! Ba Tudun Kanya za ka ba?"

"Na biyo ne mu gaisa."

"Mun gaisa. To gyara, ka tare hanya."

Motoci suka taru a baya, pim-pim-pim! Haladu ya sa ribas, mota ta koma baya sak. Ya sa giya, ta dawo sak, gaban burodi. Ya koma, ya dawo. Ya koma, ya dawo. Mai shayi ya kwashe burodinsa ya rungume.

Gwaggo Hanne ta ce ita ba za ta mutu a kasuwa ba, a sauke ta. Tana dirowa mota ta ɗago, kowa ya ga inda taya ta ci jikin mota har ƙarfe ya yi fari. Direbobi suka kwashe da dariya! Wani har da faɗowa daga benci. Aka kwashe rago da tukwane da mu, aka zuba a motar Sama'ila.

Malam Nomau ne ya fito ƙarshe. Ya gyara riga, ya zagaya, ya shafa tayar nan a hankali.

"Malam Haladu, shekara nawa ka ce za ta yi?"

Murya can ƙasa, "Goma, Baba."

"Za ta yi, in Allah ya so. Sai dai ka yi haƙuri mu bi Sama'ila. Jaririn ba zai iya shekara goma babu suna ba."

Tun ranar motar ke ajiye a can. Ba ta ɗaukar kaya, shi kuma ya rantse ba zai koma wurin Isiya ba. Kullum da safe sai ya wanke tayoyin. Shekaranjiya ma ya tare mijina yana nuna masa, wai, "Ka ga zanen? Ko gezau!"

Af, ga masu sayen waina can sun taru, har tanda na ƙauri. Bari in sallame su, Ladidi.